Fasfo mai buɗe ƙofa 190, konje na kwana bakwai: yadda ɗan Singafo ke shirya hutunsa a ƙetare

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa layin neman biza a Yamai, rungume da takardar banki da ta wurin aiki da hotuna, ya san tunanin da ke zo wa mutum idan rana ta fara zafi: ina ma a ce fasfon da ke hannuna irin wanda ba a yi masa tambaya ne. To akwai irin wannan fasfo. Ja ne, na ƙasar Singafo. A jerin da kamfanin Henley ke fitarwa, shi ne a sahun gaba a 2024 da 2025, kuma mai riƙe da shi yana iya shiga ƙasashe da yankuna sama da 190 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba. Namu na Nijar bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba.

Jin haka sai mutum ya zaci ɗan Singafo farkawa kawai yake yi ya saɓa jaka ya nufi filin jirgi. Ba haka abin yake ba. Tafiyar Disamba tun watan Maris ake maganarta, wasu ma tun kafin shekarar ta kama. Ana zama da kalanda da biro, a ƙirga kwanaki ɗaya bayan ɗaya kamar ana rabon gado. Biza ba ta hana shi barci. Abin da ke hana shi barci kwanaki ne, sai kuɗi, sai kuma dokar ƙasarsa wadda take shiga jirgi tare da shi.

Ƙasar da ba ta da ƙauye

Singafo tsibiri ne da ke kudancin Maleshiya. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 735 ne, mutanensa wajen miliyan 6. Za a iya jera irinsa fiye da 1,700 a cikin Nijar. Daga gabas zuwa yamma kilomita 50 ne ko kusa da haka, bai kai rubu'in hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ba. Ma'aikacin Yamai idan ya sami konje sai ya hau mota ya tafi garinsu, ya gaida tsofaffi, ya sha fura ta gaske, ya dawo. Ɗan Singafo ba shi da wannan garin. Birnin shi ne ƙasar baki ɗaya. A babban filin jirgin sama na Changi, wanda aka buɗe a 1981, babu jirgin fasinja da ke tashi ya sauka a cikin gida. Duk wanda ya wuce ƙofar nan, waje za shi.

Shi ya sa alƙaluman suke da ban mamaki. A 2019, kafin annobar korona, ƴan ƙasa da masu takardar zaman dindindin, su wajen miliyan 4, sun fita ƙasar sau fiye da miliyan 10 ta sama da ta ruwa. Ba a ma sa masu tsallaka gada zuwa Maleshiya a cikin wannan lissafi ba.

Akwai kuma batun yanayi. Tsibirin yana dab da layin da ya raba duniya biyu, don haka zafi ne da gumi da ruwan sama daga Janairu har Disamba. Babu hunturu, babu dare mai sanyin da zai sa a nemi bargo a waje. Mu da muke naɗe kai da rawani da zarar iskar Janairu ta busa, zai yi mana wuya mu fahimci mutumin da zai kashe miliyoyin sefa don kawai ya je ya ji sanyi. Amma haka ne. Idan ƙarshen shekara ya matso, shagunan birnin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai su cika da manyan rigunan sanyi da safar hannu, domin masu zuwa Hokkaido a arewacin Japan, ko Koriya ta Kudu, ko Harbin a ƙasar Sin.

Kwana bakwai

A nan ne lissafin yake farawa. Dokar ƙwadago ta Singafo ta ba ma'aikaci kwana 7 na hutu a shekararsa ta farko a wurin aiki, kuma sai ya cika wata uku kafin ya cancanta. Kowace shekara ana ƙara masa kwana ɗaya, har ya kai 14 a shekara ta takwas, daga nan ya tsaya. Kamfanoni da yawa, musamman manya, suna ba da fiye da haka tun ranar farko, amma abin da doka ta tilasta ke nan. A nan gida dokar aiki ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi a kowane wata, wato wajen wata guda a shekara. A wannan fanni dai, mai aiki a ofis a Tawa ya fi takwaransa na Singafo arziki.

Abin da ke cike giɓin shi ne ranakun hutu na ƙasa, guda 11 a shekara. An raba su tsakanin al'ummomin ƙasar: kwana biyu na sabuwar shekarar Sinawa, ƙaramar Sallah da babbar Sallah waɗanda suke kira Hari Raya Puasa da Hari Raya Haji, Dipabali na mabiya addinin Hindu, Besak na mabiya Buda, Kirsimeti da Juma'ar da ke gaban Ista na Kiristoci, sai 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, da ranar ƴancin kai, 9 ga Agusta. Idan ɗaya ta faɗo ranar Lahadi, Litinin ta zama hutu. Ma'aikatar ƙwadago tana fitar da jerin shekara mai zuwa tun da sauran watanni, kuma ranar da ya fito jaridun ƙasar sai su buga taswirar yadda za a manna konje a jikin waɗannan ranaku don ya yi tsawo.

Ga misali daga 2025. Sabuwar shekarar Sinawa ta faɗo ranar Laraba 29 da Alhamis 30 ga Janairu. Wanda ba ya aiki Asabar da Lahadi, idan ya ɗauki Litinin da Talata da Juma'a daga konjensa, ya sami kwana tara a jere, daga 25 ga Janairu zuwa 2 ga Fabrairu. Kwana uku ya biya, tara ya karɓa. Ranar ma'aikata ta faɗo Alhamis: ɗauki Juma'a, ka sami kwana huɗu, sun isa zuwa Bali ko Bankok, inda jirgi bai cika awa uku ba. Amma babbar Sallah da ranar ƴancin kai duk Asabar suka faɗo, abin da masu lissafin suke ɗauka kamar an yi musu ƙwace.

Matsalar ita ce kowa kalanda ɗaya yake kallo. Kamfanonin jiragen sama ma sun iya ƙirga. Tikitin da ke da sauƙi a makon farko na Nuwamba sai ya yi tashin gwauron zabo a mako na uku. A ofis kuma ba zai yiwu kowa ya tafi lokaci guda ba, don haka wanda ya riga miƙa takardar neman konje shi ke samu, sauran su tsare kujeru. Ana yin gaba a kan wannan, ƙasa-ƙasa, kamar ko'ina.

Ita sabuwar shekarar Sinawa tana da nata nauyin. A al'ada daren jajiberinta iyali duka suke haɗuwa a ci abinci tare, washegari a shiga ziyarar dangi, masu aure su raba wa yara da marasa aure kuɗi a cikin jan ambulan. Wasu matasa da gangan suke sayen tikiti a wannan makon, don su tsere wa tambayar gwaggo da inna ta yaushe za a yi aure, yaushe za a haihu. Duk saurayin da ya taɓa zuwa gaisuwar Sallah a gidan kakarsa ya san wannan tambayar, ko da bai san inda Singafo take ba.

Masu yara kuwa ba su da zaɓi sosai. Shekarar karatu tana farawa a Janairu, kuma hutun makaranta huɗu ne: mako ɗaya a Maris, wajen mako huɗu daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, mako ɗaya a Satumba, sai babban hutu na wajen mako shida daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba. Cire yaro daga aji don yawon buɗe ido ba abu ne da makarantun ƙasar ke yi wa kallon wasa ba. Saboda haka dubban iyalai suke tururuwa zuwa Changi a makonni ɗaya. Disamba ce ta fi cika, domin a lokacin ne kuma kamfanoni da yawa suke biyan albashin wata na 13, wanda ba doka ce ta tilasta shi ba amma ya zama al'ada.

Maza suna da wata kalandar ta daban a kan wannan. Duk namiji ɗan ƙasa yana yin aikin bautar ƙasa na shekara biyu, a soja ko ƴan sanda ko ƴan kwana-kwana, kuma bayan ya gama ana ci gaba da kiransa atisaye, wanda doka ta yarda ya kai kwana 40 a shekara. Takardar kira tana zuwa da wuri. Mai hankali sai ya duba ta kafin ya biya kuɗin otal, don "na riga na sayi tikiti" ba hujja ce mai ƙarfi a gaban soja ba.

Dalar da ba ta sefa biyar ba

Idan an ce dala a wannan labari, ba dalarmu ta sefa biyar ake nufi ba. Dalar Singafo ɗaya tana kai wajen sefa 440 zuwa 450, kuma ƙarfinta ne yake yanke wa mutane da yawa shawarar inda za su. A 2024 kuɗin Japan ya faɗi har yen 100 ta koma ƙasa da dala ɗaya da tazara, sai ga ƴan Singafo kusan 690,000 sun ziyarci Japan a wannan shekarar, duk da cewa tafiyar awa bakwai ce a jirgi. A farkon shekarar kuma dala ɗaya ta kai ringit uku da rabi na Maleshiya. Sin ma ta ƙara shiga lissafi tun 9 ga Fabrairu 2024, ranar da ƙasashen biyu suka fara barin ƴan ƙasar juna su shiga ba biza har kwana 30.

Masu canji suna nan, a cunkushe a wani gini da ake kira The Arcade a unguwar bankuna, inda ma'aikata ke bin layi lokacin cin abincin rana suna gwada farashin wannan da na wancan. Matasa dai sun fi karkata ga katunan da ke ɗaukar kuɗin ƙasashe da yawa a lokaci guda, irin su YouTrip da Wise da Revolut. Akwai kuma masu tara makin tafiya na Singapore Airlines ta hanyar biyan komai da katin banki, har kuɗin aski, don wata rana su zauna a kujerun gaban jirgi ba tare da sun biya kuɗinsu ba. Wasu sun mai da wannan kamar sana'a ta biyu.

Mai ƙaramin ƙarfi jiragen araha yake bi, irin su Scoot da AirAsia. Su ma ba su da tabbas ɗari bisa ɗari: kamfanin Jetstar Asia, bayan shekara 20 yana tashi daga Changi, ya rufe a ranar 31 ga Yuli 2025, masu tikitin bayan wannan rana kuma sai da suka karɓi kuɗinsu ko suka sake shiri.

Gadar kilomita ɗaya

Hutun da ya fi kowane yawa ba ya buƙatar jirgi. Gadar da ta haɗa Singafo da birnin Johor Bahru na Maleshiya tsawonta kilomita ɗaya ne da ɗoriya kaɗan, an buɗe ta a 1924, kuma mutum fiye da 300,000 ne ke tsallaka iyakar a kowace rana, yawancinsu ƴan Maleshiya masu zuwa aiki. Ƙarshen mako sai ruwan ya juya: ƴan Singafo ne ke kwarara can don cin abinci, cefane, wankin mota da gyaran haƙori a farashi mai rahusa. Mutanen Maraɗi da suka saba da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan yadda bambancin kuɗi ke jan mutane zuwa ƙetaren iyaka. A jajiberin dogon hutu, wannan kilomita ɗaya yana iya cin awa uku ko fiye.

Sai dai gwamnatocin biyu sun san abin da direba ke tunani. Singafo ta kafa doka cewa motar da ke da lambarta ba za ta fita ba sai tankinta yana da aƙalla kashi uku cikin huɗu na mai. Wanda aka kama da ƙasa da haka ana iya cin tararsa har dala 500, a kuma juyo da shi. Maleshiya a nata ɓangaren ta hana sayar wa motocin waje man da take yi wa rangwame, kuma tun 1 ga Yuli 2025 take cin tarar ringit 300 ga motar Singafo da ta shiga ba tare da rajistar shiga ba. Wanda bai son wannan ciwon kai sai ya hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Batam ko Bintan na Indonesiya, tafiyar awa guda.

Kafin a miƙa kuɗi

Duk da intanet, har yanzu ana cika a baje kolin da ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta ƙasar, NATAS, take yi sau biyu a shekara. Dattawa da manyan iyalai ne suka fi zuwa, masu son a haɗa musu jirgi da otal da abinci da ɗan rakiya a farashi ɗaya. An taɓa ƙonewa a nan. A Janairu 2014, ana dab da sabuwar shekarar Sinawa, kamfanin Five Stars Tours, ɗaya daga cikin sanannu, ya rufe rassansa ba zato, mutane suka wayi gari da rasit a hannu babu tafiya. Daga 2015 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta wajabta wa kamfanoni su tunatar da abokin ciniki batun inshorar da ke biyansa idan kamfani ya durƙushe, matuƙar kuɗin ya kai wani mizani, kuma a rubuta ko ya karɓa ko ya ƙi. Hukumar tana da jerin kamfanoni masu lasisi a intanet, kowa na iya dubawa. A 2023 kuma ƴan sanda sun yi gargaɗi kan tallan tafiya mai arahar banza a Facebook da Instagram, inda ake sa mutum ya sauke wata manhaja a waya, ita kuma ta buɗe wa ɓarayi asusunsa na banki.

Inshorar tafiya, wadda mu a nan muke saye kawai don ofishin biza ya ce sai da ita, su da gaske suke ɗaukarta. Dalili a fili yake: inshorar lafiya ta ƙasa, MediShield Life, ba ta biyan jinyar da aka yi a asibitin waje. Kwana kaɗan a asibitin Amurka ko Japan yana iya cinye ajiyar shekaru. Kuma ƙasar ta ga abin da tafiya ke iya zama. Ranar 5 ga Yuni 2015 girgizar ƙasa ta afka wa dutsen Kinabalu a Maleshiya, mutum 18 suka rasu, 10 daga cikinsu ƴan Singafo, bakwai ɗaliban firamare da suka je da makarantarsu. Ma'aikatar harkokin waje tana roƙon matafiya su rubuta sunansu da inda za su a shafinta kafin su tashi, don a san wanda za a nema idan wani abu ya faru. Wannan ya fi muhimmanci ga mai zuwa nahiyarmu, domin shekara da shekaru ofisoshin jakadancin Singafo na dindindin a Afirka biyu ne kacal, ɗaya a Alƙahira ɗaya a Piretoriya.

Shi kansa jan fasfon ba ya nufin babu takarda. Amurka tana son a cika izinin shiga ta intanet a biya kafin a hau jirgi, Ostireliya ma haka, Birtaniya ta bi sahu tun 8 ga Janairu 2025. A yankin Shengen na Turai kwana 90 ne cikin kowane 180. Indiya har yanzu sai da biza. Ƙasashe da yawa kuma ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida, abin da ke mayar da mutane gida daga bakin kanta duk lokacin hutu. Sabon fasfo dala 70 ne idan an nema ta intanet, wajen jika 31, kuma tun Oktoba 2021 yana yin shekara 10 ga wanda ya kai shekara 16.

Dokar da ke bin ka har otal

Abin da ya fi bambanta matafiyin Singafo da saura shi ne wannan. Tun 1998 dokar miyagun ƙwayoyi ta ƙasar ta ce ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin da ya sha ƙwaya a waje, za a hukunta shi kamar a cikin gida ya sha. Hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara 10 haɗe da tarar dala 20,000. Ba ruwan doka da cewa abin halal ne a inda aka sha shi. Lokacin da Tailan ta sassauta dokar tabar wiwi a Yuni 2022, shagunanta suka bazu a titunan Bankok, hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Singafo ta fito ta tunatar da jama'a cewa tana gwajin mutane a wuraren shigowa. Wato mutum na iya cin wani alewa ko shan wani shayi a wurin hutu, ya zo ya amsa tambaya a Changi.

Ba a bar manya ba. Joseph Schooling, ɗan wasan ninƙaya da ya doke Michael Phelps a Rio a 2016 ya kawo wa ƙasar lambar zinarenta ta farko a gasar Olamfik, ya amsa a Agusta 2022 cewa ya sha wiwi a Biyetnam a watan Mayun shekarar. A lokacin yana aikin soja. Aka sa shi gwajin fitsari na wata shida, aka kuma janye masa damar da ake ba shi ta barin bariki don zuwa gasa. Ana iya muhawara kan ko ya dace ƙasa ta bi ɗanta da sanda har ƙasar wasu. A ganina akwai wuce gona da iri a ciki. Amma ba wanda zai ce ba a faɗa masa ba.

Yara maza ma suna da nasu igiyar. Daga shekara 13, yaron da zai zauna a waje wata uku ko fiye sai an nemar masa izinin fita, idan zaman zai yi tsawo sosai kuma iyaye su ajiye jingina mai nauyi, duk don kada ya zille wa aikin soja. Hutun mako biyu bai shiga ciki ba, amma iyalin da ke tunanin dogon zama a waje dole su sa shi a lissafi.

Kujera 900

Musulmi wajen kashi 15 cikin 100 ne na mazauna ƙasar, yawancinsu Malayawa, kuma a wurinsu akwai tafiyar da jan fasfo ba ya gaggauta ta. Tun 2018 kason Singafo na aikin Hajji kujera 900 ne a shekara. Nijar tana samun sama da 15,000. Majalisar harkokin addinin Musulunci ta ƙasar, MUIS, ita ke riƙe da rajista, kuma dubun-dubatar mutane ne ke kan layi, ta yadda matashin da ya rubuta sunansa yau yana iya yin furfura kafin a kira shi. Shi ya sa Umara ta zama babbar tafiyar iyali, musamman a hutun Disamba, lokacin da yara ke gida kuma zafin Makka ya sauka. Wanda ya yi Umara a wannan watan ya ga ayarinsu, da jakunkuna iri ɗaya da ɗan ƙyalle mai launi ɗaya a wuya. A sauran tafiye-tafiye kuma tambayar farko ta iyalin Musulmi ita ce inda za a sami abincin halal, abin da ya sa wasu kamfanoni suka ƙware a shirya musu tafiyar Japan da Koriya da Turkiyya da lokutan salla a cikin jadawali.

Waɗanda ba su da jan fasfo

Duk wannan labari na ƴan ƙasa ne, su kuwa wajen miliyan 3.6 ne cikin miliyan 6. Mai takardar zaman dindindin da fasfon ƙasarsu yake tafiya, layin biza yake bi kamar kowa, kuma dole ya tabbatar izininsa na sake shigowa bai ƙare ba, in ba haka ba zamansa na iya salwanta yana waje. Wanda ya nemi zama ɗan ƙasa sai ya ajiye fasfonsa na asali, domin Singafo ba ta yarda babba ya riƙe biyu ba. Ƴan uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje sun san nauyin irin wannan zaɓi.

Ƙasa da su akwai leburorin gini daga Bangaladash da Indiya, da mata masu aikin gida wajen 300,000, yawancinsu daga Indonesiya da Filifin da Myanmar. Dokar kwana 7 ɗin nan ma ba ta shafi masu aikin gida ba. Idan iyali za su tafi hutu, ɗaya daga cikin abubuwan da ake tattaunawa shi ne ita: a bar ta ta tsare gida, a tura ta ganin nata iyalin, ko a nemar mata biza ta bi su. Idan ta bi su, su suna hutu, ita tana goyon yaro a cikin dusar ƙanƙara.

Dawowa

Shirin bai ƙare ba sai an shigo gida. Mai dawowa ta sama ko ta ruwa sai ya cika katin shigowa ta intanet cikin kwana uku kafin ya sauka, har da bayanin lafiyarsa. Idan cikin kwana shida da suka wuce ya taka ƙasar da ake fargabar cutar shawara, kuma Nijar da Najeriya suna cikin jerin, sai ya nuna katin allurar rigakafi, in babu a killace shi, ko da ɗan ƙasa ne.

A Changi, tun ƙarshen Satumba 2024, mazaunin ƙasar ba ya ma fito da fasfo: na'ura ta dubi fuskarsa da ƙwayar idonsa, ƙofa ta buɗe. Sai duwan. Wanda ya yi awa 48 ko fiye a waje an yafe masa harajin kayan da ya sayo har na dala 500, wanda bai kai awa 48 ba na dala 100 kawai. Abin da ya haura, ya biya kashi 9 cikin 100. Taba sigari ba ta da rangwame ko kara ɗaya, sigarin lantarki haramun ne gaba ɗaya, cingam ma tun 1992 aka hana shigo da shi. Matar da ta sayo jakar hannu ta dala 3,000 a Faris, harajin dala 2,500 ne a kanta, wato dala 225, wajen jika 100, kuma ana so ta bayyana da kanta kafin a buɗe akwatin.

Jiragen daren Lahadi daga Bankok da Bali da Tokyo a cike suke sauka. Da yawa daga cikin fasinjojin ƙarfe tara na safe suna ofis, saboda ba su yarda su ƙona kwana ɗaya na konje a kan hutawa daga gajiyar hanya ba. Wannan kwanan an riga an ajiye shi don Disamba.